Lasisin Kawu Na-Banki

"Yaya, ka ɗage teburin nan daga kan wayar kekena."

"Ba tebur ba ne, Auta, ofis ne. Ki koyi kiran abu da sunansa."

"Ofis ne ko filin jirgi, a kan wayata yake zaune. Kayan mutum goma sha biyu ke jirana."

"Su jira. Nan da wata uku masu jira a ƙofar nan da mota za su riƙa zuwa, sai kin roƙe su sun matsa kafin ki wuce."

"Su zo da mota su yi me?"

"Su ji ta bakina."

Umma ce da yayanta, Kawu, a ɗakin gaban gidanmu, wanda ƙofarsa ke buɗewa kan titi. Gidan na mahaifinsu ne, su biyu suka gada, kuma shekara takwas ke nan Umma na ɗinki a ɗakin, da shi take ciyar da mu. Kawu ya yi ritaya daga banki ranar Juma'a. Ranar Litinin muka tashi muka tarar an tura keken ɗinki lungu an lulluɓe shi da labule, an shigo da tebur mai aljihu shida da kujera mai juyawa. A waje mai fenti yana kan tsani yana kafa allo: Ƙwararren Mai Ba da Shawara kan Harkar Kuɗi, Shekara Goma Sha Tara a Banki.

"Ɗinkin nan da kake rainawa," in ji Umma, "sai da na yi shekara uku ina ɗinka maɓalli kafin a bar ni in taɓa almakashi. Kai wa ya ba ka izini? An ce aikin nan sai da lasisi."

"Lasisi ai takarda ce. Ni da daraktoci ba sa fara zama sai na shigo?"

"To shi ke nan, tunda takarda ce. Ƙarshen wata. In na ga lasisi a bangon nan, da sunanka da lambarsa, zan kwashe kekena in koma tsakar gida, ba za ka ƙara jin bakina ba. In babu, teburin nan ya fita ta inda ya shigo."

"Ki kira shaida."

Umma ta leƙa ta kira Hedimasta, maƙwabcinmu, wanda shi ma bai daɗe da ajiye aiki ba. Ya saurari kowa, ya ce ya ji ya gani, ya ƙara da cewa ranar da lasisin ya iso shi ne zai fara kawo takardun fanshonsa. Kawu ya juya a kujera sau ɗaya da rabi, ya tsaya yana fuskantar bango, daga nan ya ce ai an gama.

Duk unguwa Na-Banki ake ce masa. Kullum ƙarfe bakwai sai ya fito da kwat da jaka, takalmi na ƙyalli, ana gaishe shi yana ɗaga yatsa biyu. Ni kaɗai na san abin da ke faruwa bayan ya shiga. Shekara uku da suka wuce ya manta maganinsa a gida, aka aike ni in kai masa. Mai gadi ya ce in hau hawa na uku. Ina ƙare matakala na gan shi ya ɗaura farin ƙyalle a kan kwat ɗin, yana tafe da tire, kofuna shida a kai, ko ɗaya bai motsa ba. Muka kalli juna. Ya ce, "Aku, abin da kika gani bincike ne." Aku ake ce min a gida, saboda in na ji muryar mutum sau ɗaya ta zama tawa. Tun daga ranar wayata ba ta ƙara rasa kati ba, bakina kuma bai buɗe ba. Da ya buɗe ofis, ni ya naɗa sakatariya, don in zauna inda idonsa ke kaina.

Gaskiyar magana Kawu ya iya aikin, amma na minti biyar. A banki in mai ba da shawara ya karɓi baƙo, Kawu ke shiga da shayi. Yana jera kofuna yana zuba madara, kunnensa a buɗe, har a ɗaga masa kai ya ɗauki tire ya fita. Shekara goma sha tara yana ganin farkon zama, kullum sau biyar ko shida, ya haddace shi fiye da masu yin sa. Abin da ake yi bayan ya ja ƙofa ne bai taɓa gani ba.

Mai Aski ne ya fara shigowa. Ya tara 'yan kuɗi, yana so ya ji ko ya ƙara kujera ta biyu a shagonsa ko ya sayi hannun jari. Kawu ya miƙe, ya sa maɓallin kwat, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Bismillah, zauna. Ya iyali? Madalla. Faɗa min, ina kake son ganin kanka nan da shekara biyar?"

"A shago, Na-Banki."

"Da kyau. Me za ka iya ajiyewa ka kawar da kai, ko da an matsa maka?"

Mai Aski ya faɗa.

"In ka tashi da safe aka ce kasuwa ta faɗi, za ka iya karyawa?"

"In akwai abin karyawar, zan iya."

Kawu ya cire tabarau, ya sa ƙafarsa ɗaya a baki, ya kalli silin. Ni kaina sai da na ji kamar in ɗauko asusuna. Ya ja dogon numfashi ya ce, "Ka ga, wannan ya danganta da yanayin kasuwa."

Mai Aski ya matso da kujera, ya kasa kunne.

Kawu ya mayar da tabarau. Ya sake cirewa. Na ga gwiwarsa ta fara rawa a ƙarƙashin tebur, sai ƙafafun suka miƙe da shi ba su nemi izininsa ba, ya ɗan rusuna, ya fita ya ja ƙofa a hankali. Mai Aski ya kalle ni. Na ce, "Ya je duba kasuwa." Bayan minti goma ya dawo da tire.

Mai Aski ya kurɓa, ya lumshe ido. "Na-Banki, wa ya dafa wannan?"

"Muna da mai yi."

"Allah ya yi masa albarka."

"Amin."

"To kujerar fa?"

"Ba a gaggawa a harkar kuɗi. Ka dawo gobe."

Gobe ya dawo, aka fara daga ya iyali. Kafin mako ya ƙare, Mai Aski tun daga bakin ƙofa yake amsawa: "Iyali lafiya, a shago, zan iya karyawa. A kawo." Labarin shayi ya zaga titi. Mai wanki ya zo neman shawara, direban motar makaranta ya zo da nasa kofin. Da hantsi ba wurin zama.

Kawu bai yarda akwai abin da ya rage masa ba. Ya ce kayan aiki ne ba su cika ba, ya sayo tsohuwar kwamfuta wadda ba ta kamawa. A banki ya ga ana juya wa baƙo fuskar kwamfuta, shi ma ya juya wa mai wanki.

"Me ka gani?"

Mai wanki ya leƙa baƙin gilashin. "Kaina."

"To daga nan ake farawa."

Ya kuma ce ƙafarsa ce ke da ɗan ciwo, in kulle ƙofar titi in riƙe makulli har ya gama da mutum. Na kulle. Yana kaiwa yanayin kasuwa ya miƙe, ya murɗa ƙofar titi ta ƙi, ya tsaya yana kallonta, ya juya ya fice ta ƙofar cikin gida. Ya bar ni da mai wanki a kulle, mutumin yana tambayata ko haka ake yi a banki. Na ce sai manyan baƙi.

Umma tana tsakar gida da allura tana ɗinkin hannu, tana kallon gwangwanin sukarinta yana ramewa. Mata biyu sun riga sun zo sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba.

"Aku, me yake gaya musu a can?"

Na cire tabaran da ba ni da shi, na sa a baki, na kalli sama, na ja numfashi. Umma ta yi dariya har allura ta soke ta, sannan ta tuna fushi take yi.

A mako na uku muka je hukumar da ke ba da lasisi. Kawu ya ƙi ɗaukar lambar layi, ya ce manya ba sa ɗaukar lamba, don haka muka zauna har aka gama da kowa. Jami'ar da ke kan kanta 'yar siririya ce mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka sunkuyo kafin ka ji ta.

"Na zo karɓar lasisina."

"An kira ka?"

"Ba sai an kira ni ba, 'yata. Shekara goma sha tara a banki."

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Abu uku muke nema. Ka zauna jarrabawa. Ka cike tarihin aikinka. Ka kawo wasiƙa daga shugaban da ka yi aiki a ƙarƙashinsa, a rufe, da hatimi. Sannan in zo in ga ofishin."

"Wanda ya yi shekara goma sha tara ba a ɗauke masa ko ɗaya?"

"Ana ba shi kujera ya zauna ya cike." Ta turo fom. "Kafin lasisi ya fito, doka ba ta yarda ka ba kowa shawara ba. Ka ba wani?"

"Ban ba kowa ba."

Ban taɓa jin Kawu ya faɗi gaskiya mai tsabta irin wannan ba.

Ni ke rubutu, shi ke faɗa, yana ɗaga murya don masu shara su ji.

"Muƙami?"

"Babban jami'in kula da zaman manya."

"Ayyukanka?"

"Rubuta, ba a fara zaman daraktoci sai na iso. Rubuta, na san abin da kowane darakta ke so kafin ya buɗe baki."

"Adadin waɗanda ke ƙarƙashin kulawarka?"

"Arba'in da biyu."

Na sunkuya kusa da kunnensa. "Kawu, kofuna ne arba'in da biyu."

"Wa ke kula da su?"

"Kai."

"To rubuta."

Jarrabawar ta awa biyu ce, a kan kwamfuta mai kamawa. Minti ashirin Kawu ya fito yana karkaɗe hannun riga. Ya ce tambayoyin yara ne, matsalar kawai kowace tambaya amsa huɗu aka jera mata, kuma a cikin huɗun babu ta gaskiya. Ya kira mai sa ido ya tambaye shi inda aka kai "ya danganta da yanayin kasuwa." Mai sa ido ya ce ya zaɓi ɗaya daga abin da ke gabansa. Kawu ya ce shi ba zai sa hannu a ƙarya ba. Aka ce sakamako zai zo tare da jami'a ranar duba ofis.

Abin da muka dawo da shi gida rasit ne na fom, mai jan hatimi. Kawu ya kai aka sa masa firam mai ruwan zinare, ya rataye a bayan kujerarsa, can sama inda sai mai tsani zai iya karantawa. Umma ta hau kan kujerar baƙi ta karanta.

"Yaya, irin wannan ake ba ni in na biya kuɗin wuta."

"Rabin lasisi ne."

"Ashe ina da rabin lasisi goma sha biyu a ƙarƙashin katifa."

"Ke ba ki san yadda ake tafiyar da manyan al'amura ba."

"Saura kwana takwas," in ji Umma, ta sauko.

Wasiƙar ce ya bari ƙarshe. Kwana uku yana kewaya maganar kafin ya shirya muka tafi gidan tsohuwar manajarsa. Tana hango shi ta taso da kanta ta buɗe ƙofa. Mace ce mai babbar murya, tana jan ƙarshen kowace kalma kamar ba ta son rabuwa da ita. Ya ce mata wata hukuma ce ke son shaidar aikinsa, bai ce wace ba. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da ambulan a liƙe, idonta ya yi ja.

"Duk gaskiya na faɗa, ban rage komai ba. Tun da ka tafi banki bai koma daidai ba."

A mota Kawu ya maimaita min maganar sau huɗu. Na ce, "Kawu, mu ɗan ɗaga ta a hasken taga mana. Ba buɗewa ba, leƙe."

Ya dube ni kamar na zagi kakarmu. "Shekara goma sha tara ina kai ambulan daga ofis zuwa ofis, ban taɓa ɗaga ɗaya a haske ba. Yau zan fara da tawa?"

"Ta ce duk gaskiya fa."

"Ai shi ya sa hankalina ya kwanta. Irin wasiƙun nan layi biyu ne. Ma'aikaci nagari, muna yi masa fatan alheri. Manya ba sa shiga ƙananan bayanai."

Na auna ambulan ɗin a tafin hannuna. Layi biyu ba ya yin nauyin nan.

Jami'a ta ce za ta zo ranar ƙarshe ta wata, ƙarfe goma na safe. Da wani ne, sai ya share ɗaki ya zauna ya jira. Kawu ya yi hayar kujeru talatin ya jera a bakin titi, ya ɗaura jan ribon a ƙofa, ya ari almakashin Umma ba da saninta ba, ya aika gida-gida cewa hukuma za ta zo da kanta ta miƙa masa lasisi. Hedimasta ya zauna a sahun gaba da jakar takardun fanshonsa a kan cinya. Umma ta tsaya a ƙofar gida ta harɗe hannu.

Jami'a ta sauko daga motar haya da fayil ɗaya. Ta kalli kujeru, ta kalli ribon, ta ɗaga kai ta kalli allo, ta daɗe a kansa.

"Baba, mu shiga ciki, mu biyu."

"Ba ni da abin ɓoyewa. A fito da tebur."

Maza huɗu suka sunkuya ta ƙarƙashin ribon suka fito da teburin mai aljihu shida, da ƙyar ya wuce ƙofa. Umma ba ta kalli kowa ba ta ce, "An rage min aiki."

Jami'a ta zauna a kujerar baƙi. "To. A ce ni ce na zo neman shawara. Na ajiye aiki, an ba ni haƙƙina, ban san inda zan sa shi ba."

Hedimasta ya gyara zama.

Nan Kawu ya ji an zo gidansa. Maɓalli, hannu biyu, ya iyali. Jama'a suna motsa baki tare da shi, direba har yana riga shi. Tambaya ta uku ta wuce, tabarau ya fita, ya shiga baki.

"Kin ga, wannan ya danganta da yanayin kasuwa."

"Haka ne. A ce kasuwa tana yadda take yau. Sai me?"

Kawu ya ɗaga kai ya nemi silin, ya tarar sai wayoyin lantarki da tantabara biyu. Gwiwa ta fara. Ya dafe ta da hannu, ɗayar ta karɓa. Ina ganinsa yana kokawa da ƙafafunsa kamar mai riƙon akuya, amma shekara goma sha tara ba wasa ba ce. Ya miƙe, ya rusuna, ya shige gida.

"Ina ya tafi?" in ji jami'a.

Titi gaba ɗaya ya amsa, "Duba kasuwa."

Ya dawo da tire. Ya ajiye mata kofi a dama, ya juya mariƙinsa ya kalle ta, ya kwantar da cokali a gefe ko ƙara babu. Ta kalli yadda ya ajiye, ta buɗe fayil ta kalli fom, ta ce a ba ta wasiƙar. Ta fasa hatimi ta karanta, ta juya shafi, ta sake juyawa. Girarta ɗaya ta ɗaga.

"Baba, wannan gara in sa a fayil kawai."

"A'a, yabo ba a ɓoye shi. Aku, karanta wa jama'a, da muryar manya."

"Ka tabbata?" in ji jami'a.

"Kawu, maƙogwarona tun jiya..."

"Karanta."

Na karɓa. Ban yi niyya ba, amma ina buɗe baki muryar manaja ce ta fito, da jan kalmominta da komai.

"Na yi aiki da mutane da yawa, ban ga mai amana kamarsa ba. Shekara goma sha tara bai makara ba ko sau ɗaya."

Jama'a suka ce ma sha Allah. Kawu ya sunkuyar da kai irin na mai kunya, yana satar kallon Umma.

"Ya shiga zaman da ake maganar sirrin banki, ba a taɓa jin kalma ɗaya ta fita daga bakinsa ba. Daraktoci ba sa yarda a fara sai ya iso."

"Auta, kina ji?"

"Ina ji, Yaya."

Idona ya riga bakina zuwa layi na gaba. Na yi tari. Na sake yin tari. Na ce rana ta kashe min ido.

Hedimasta ya miƙo hannu. "Kawo, 'yata, karatu a gaban jama'a aikina ne." Ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda yake yi a taron safe na makaranta, har masu wucewa a can tsallake suka tsaya.

"Ya karɓi kofuna arba'in da biyu ranar da ya fara aiki, ya miƙa arba'in da biyu ranar da ya tafi. Ya san cokalin sukarin kowane darakta, har da wanda likita ya hana amma yake so a sa masa a ɓoye. Tun da ya tafi mun canza masu shayi uku. Duk wanda ya ɗauke shi ya dafa masa shayi ya yi dace, kuma ina roƙo a saya masa tukunya mai kauri, don ba ya son..."

Hedimasta ya tsaya. Ya juya takardar ya duba bayanta ko akwai wani mutum daban a can. Sannan ya zauna, ya ɗauki jakar fanshonsa ya rungume a ƙirji.

Mai Aski ya gyara murya. "Na-Banki. Mai yin da ka ce kuna da shi."

"Muna da shi mana."

"Kullum ina sa masa albarka, kana cewa amin."

"To da in ƙi?"

Dariyar daga sahun baya ta taso, ta bi kujeru ɗaya bayan ɗaya har direba ya zame ƙasa da kofinsa a hannu. Umma ba ta yi dariya ba, ni ta duba.

"Ke kin sani."

"Bincike ne, Umma."

Jami'a ta bari aka lafa, ta zaro wata takarda. "Sakamakon jarrabawa. Tambaya ɗari, ka amsa bakwai."

"Sauran babu amsarsu a ciki."

"A bakwai ɗin ka ci biyu. Lasisi babu." Ta rufe fayil ta ɗora hannu a kai. "Saura abu ɗaya, shi ne mai nauyi. An kafa allo, an karɓi mutane ba lasisi. In ya ba wani shawara, maganar ta wuce hannuna, sai kotu." Ta juya ga kujeru. "Wa ya ba shawara a cikinku?"

Mai Aski ya ɗaga hannu. Na ga Kawu ya riƙe gefen tebur.

"Ranki ya daɗe, kwana ashirin da shida ina zuwa, safe da yamma. Har yau ban san ko in sayi kujera ba."

"Ni kaina aka nuna min," in ji mai wanki. "Tambaya ta huɗu ma ban taɓa ji ba."

"Akwai ta huɗu?" in ji direba daga ƙasa.

"Ya karɓi wani abu a hannun wani?"

"Sukarina," in ji Umma.

Jami'a ta rubuta wani abu, bakinta na motsi kamar mai danne tari. "To ka tsira, Baba. A sauke allon yau. In kana son aikin da gaske, akwai inda ake koyarwa, wata shida, sai ka sake zama."

Umma ba ta jira ba. Ta ɗauke almakashinta daga kan tebur, ta datse ribon ɗin da kanta, ta shiga ɗaki. Muka ji an yaye labule, muka ji ƙafar keke tana jan siminti zuwa jikin taga. Ta leƙo.

"Hedimasta, kai ne shaida."

Hedimasta ya ce ya ji ya gani, bai saki jaka ba.

Jami'a ta ɗauki kofinta, wanda har lokacin ba ta taɓa ba. Ta kurɓa. Ta tsaya. Ta sake kurɓa, ta leƙa cikin kofin. A ɗaki keken Umma ya tashi.

"Baba, in tambaye ka don Allah, ba don fayil ba. Ba ka taɓa ganin ƙarshen zama ko ɗaya ba. Me ya sa ka ɗauka za ka iya?"

Kawu ya gyara kwat, ya ɗauki tire ya maƙale a hammata kamar jakar ofis.

"'Yata, ni na fi kowa ganin ƙarshe. Mutum ya shigo fuska a murtuke, in ajiye masa shayi in fita. In dawo kwashe kofuna, in tarar yana dariya yana sa hannu a takarda. Shekara goma sha tara, ba fashi. Wancan mai tabarau da ke ba da shawara a banki surutu kawai yake yi kafin shayin ya huce. To ki faɗa min, a cikinmu wa ya kamata a ba lasisi?"